Daga Saman Gada

Braunston, tsakiyar watan Mayu

Zuwa ga matata Mavis,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya ƙugun naki, yana barin ki barci? Yaya abincin gidan, har yanzu suna dafa kabeji sai ya fita hayyacinsa? Ina gai da Rutendo mai kula da ke, don na san ita ce ke riƙe da takardar tana karanta miki. 'Yata, ki karanta a hankali. In kin ga ta juya fuska wajen taga ki dakata mata, za ta dawo.

Bayan haka, Mavis, na dawo jirginmu.

Ranar Asabar 'yarmu Lorraine ta kawo ni a motarta, tana tuƙi tana mita tun daga Coventry har bakin ruwa. Bari in tuna miki yadda aka yi. Kin faɗi, aka kai ki asibiti, daga can aka wuce da ke gidan kula da tsofaffi da kike yanzu. Sai ga annoba, aka kulle kowa a inda yake. 'Yar tamu ta zo ta kwashe ni da jaka ɗaya, ta ce, "Baba, mako biyu ne kawai, ƙirjinka ba zai ɗauki cutar nan ba." Mako biyun nan ya haifi 'ya'ya har da jikoki. Shekara guda da ɗoriya na yi a ɗakinta na baya, tsakanin keken motsa jiki da akwatunan kayan Kirsimeti, taga tana kallon bangon maƙwabci. Na san bulon bangon nan ɗaya bayan ɗaya, har akwai wanda ba ma shiri da shi. Ba laifin yarinyar ba ne, ta ciyar da ni, ta kula da ni. Amma wanda ya shekara arba'in gadonsa na lilo a kan ruwa, in an kwantar da shi a gadon da ba ya motsi, sai ya ji kamar an riga an sa shi a akwati.

Jirgin namu, Marigold, tana nan inda muka ɗaure ta. Ba ta nitse ba, kuma wannan aikin Trevor ne, na jirgin bayanmu, wanda ya riƙa kwashe mata ruwan sama duk tsawon kullen, yana kuma so a sani. Sai dai ta sha wuya. Rufinta ya yi kore, fumfuna ta ci labule, batir ya mutu murus, gizo-gizo kuwa sun raba ɗakunan a tsakaninsu ba su bar mini ko ɗaya ba. Na sami kofinki a wurin wanke-wanke da sauran shayi ya bushe a gindinsa. Na daɗe a tsaye kafin in wanke shi.

Ga abin da ya dawo da ni. Watan jiya, da aka fara barin mutum ɗaya ya shiga wurinki, na zo. Aka sa mini takunkumi da safar hannu da rigar leda. Kika dube ni sama da ƙasa, kika ce in mai gyaran famfo ne, banɗaki yana hagu. Na zare takunkumin a ɓoye, duk da haka ban tashi daga mai gyaran famfo ba. Sai da zan fita kika riƙe mini hannun riga, kika ce, "Bawan Allah, in ka bi ta bakin ruwa ka duba mini Marigold. Ban san wa ke kula da ita ba."

To, tunda sunana ya zube nata bai zube ba, ita zan kawo miki. Zan hau da ita ta ƙofofin ruwa na Napton, masu ɗaga jirgi hawa-hawa kamar matakala, in ratsa ruwan tudu da ke can sama, in gangaro ta Claydon, in ɗaure ta a bayan gidanku a Cropredy inda za ki gan ta daga tagarki. In kin gan ta, wataƙila ki duba wanda ke tsaye a kanta. Lorraine ta ce hauka ne, wai a sayar da jirgin kowa ya huta. Na ce na ji.

Jiya inji ya tashi. Na je baya in kwance igiya, sai na ji an yi mini tsawa daga ƙasa. A cikin tsohuwar tayar nan da muke ratayawa don kada jirgi ya bugi bango, kazar ruwa ta yi sheƙa, tana kwance a kan ƙwai, jan bakinta a buɗe. Kin fi ni sanin ƙa'ida: jirgin da tsuntsu ke kwanci a jikinsa ba ya motsawa sai an ƙyanƙyashe. Hukuma ta hana, amma ba ita ake tsoro ba. Wanda ya zubar da sheƙa, daga nan har London ba mai sake kama masa igiya.

Trevor ya leƙo yana dariya har da tari. Ya ce, "Kyaftin, gwamnati ta sake ka, kaza ta kama ka. Ita kuma ba ta jawabi a talabijin balle ka san ranar fita."

Ki daure ki ci abinci, ko da kabejin ne. Ina nan tafe, kaza ce kawai a gabana.

Mijinki,
Wilf


Braunston, farkon watan Yuni

Mavis tawa,

Ina gaishe ki, ina gai da Rutendo da sauran masu ɗawainiya da ke. Yaya jiki, yaya zafin nan? Ki ce su buɗe miki taga da safe, ba kya son ɗaki a toshe.

Na jinkirta rubutu ne don babu labari sai na zama. Ƙofar baya ta haramta gare ni, in na taka nan uwar ɗakina takan fusata, saboda haka ta gaba nake shiga a duƙe kamar ɓarawo. Wata mata mai yawo da kare ta rataya mini kwali a jikin jirgi, an rubuta "A yi shiru, ana kwanci". Mutane suna tsayawa ɗaukar hoto. Wani ya tambaye ni ko ni ne mai gadin. Na ce ƙwarai, kuma ba albashi.

A Coventry bango nake kallo, nan taya. Bambancin dai tayar tana motsi. Ita da mijinta karɓa-karɓa suke yi, in ya zo canjinta sai ya riƙo mata ganye a baki. Ta karɓa, ta duba, ta yar. Gobe ya sake kawowa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne sama ta ƙi zubar da ruwa. Madatsun da ke ciyar da ruwan tudu sun ja baya. Ga shi duk wanda aka saki daga kulle ya yi hayar jirgi ya fito, kuma kin sani, duk jirgin da ya ratsa ƙofa sai ya tafi da ruwa cikin ɗaki guda zuwa gangare. Aka fara cewa in ba a yi ruwa ba za a sa wa ƙofofin sarƙa. Sannan Lorraine ta bugo waya. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta ce Rutendo ta gaya mata tambayar Marigold da kike yi kullum ta koma jefi-jefi.

Washegari da sassafe na fito, akwai hazo a kan ruwa, ba kowa a hanya. Wuƙa tana aljihuna. Igiya ɗaya ce ke riƙe da tayar. Na durƙusa, kazar ta ɗago tana kallona da ido ɗaya. Sai na ji tari a bayana. Trevor ne, da kofin shayi, da rigar barci. Ya ce, "Tsoho, ni idona ya mutu tun bara. Duk abin da za a yi a nan ban gani ba." Ya juya mini baya, ya tsaya yana kallon gona.

Da zagina ya yi, da na yanke. Amma Trevor da bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya tsaya yana kallon shanu don ni. Na daɗe a durƙushe har gwiwata ta ƙage. Daga baya na ce ya zo ya ɗaga ni. Ya ɗaga ni, ya ba ni sauran shayinsa, mai sukari kamar na yara.

Shekaranjiya aka ƙyanƙyashe. 'Yan tsaki baƙaƙe ƙirin, da sanƙo, da manyan ƙafafu, na ce wa Trevor ya zo ya ga danginsa. Yau da safe suka bi uwarsu cikin ciyawar bakin ruwa. Kafin su waiwayo na janye tayar na ɗora a rufi, don kazar ruwa ba ta kwanci ɗaya ta haƙura.

Gobe za mu tashi. Trevor zai raka ni har saman Napton. Ki ci gaba da tambaya, Mavis, ko da sau ɗaya ne a mako.

Naki,
Wilf


Ruwan tudu, kusa da Claydon, tsakiyar watan Yuni

Zuwa ga Mavis,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, da fatan kin tashi da sauƙi. Rutendo, sannu da ƙoƙari. Wannan takardar ba mai daɗi ba ce, amma ki karanta mata duka, ba ta son a ɓoye mata abu.

Mun hau Napton. Trevor ya ce bayansa ba ya tura ƙyaure, don haka shi ya riƙe sandar tuƙi, ni na ɗauki ƙarfenki na murɗa ƙofa. Tsohuwa, ashe haka abin yake? Mu mazan ruwan nan muna tsaye a baya kamar sarakai, muna cewa tuƙi sai gwani, ku kuna sama kuna tura ƙyauren da ya fi mota nauyi. A ƙofa ta uku na zauna a kan katako ina neman numfashina, wata mata daga jirgin haya ta ba ni ayaba, ta tambaya ko a kira wani nawa. Gwanin tuƙi kuwa ya goge mana fenti a kusan kowane bango, yana cewa bangon ne ya matso. Ga layin jirage kamar ranar kasuwa. Abin da ni da ke muke gamawa kafin abincin rana, sai da ya ci mana yini biyu.

A sama Trevor ya hau bas ya koma. Na shiga ruwan tudu ni kaɗai. Kin san yadda yake lanƙwasa kamar ba ya son isa ko'ina. Bana kuma ya ƙafe, farfela tana ta tono laka, na riƙa tafiya a hankali har wata tsohuwa mai sanda ta wuce ni a ƙasa, ta yi mini sannu.

Na iso Claydon da yamma, na tarar da sarƙa da kwaɗo a ƙofar farko. Da safiyar ranar aka sa. Ma'aikacin da na samu a wurin ya ce na Napton ma an rufe a bayana. Na tambaye shi sai yaushe. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ba ko ɗigon gajimare, ya ce, "Baba, can za ka tambaya. Wataƙila Satumba."

To ga ni nan. Sarƙa a gaba, sarƙa a baya. Ruwa yana raguwa kullum, gindin Marigold ya zauna a laka, ta karkace. In na fasa ƙwai a kasko sai ya gudu gefe ɗaya. Aljihun tebur yana buɗe kansa. Ina barci da matashi a bayana don kada in wayi gari a ƙasa. Na yi ta lissafin banza: da ban zauna cin ayaba ba, da na bar gyaran labule, da na yi kaza da kaza. Ba ya ƙara ruwa ko cokali.

Abin da ya fi ci mini rai, in iska ta juyo nakan ji ƙararrawar cocin Cropredy. Kusa ƙwarai. Ni zan iya takowa, in huta a hanya, in iso kafin a kawo muku shayi. Amma ni ba ni ake nema ba. Zan zo ne a sake nuna mini banɗaki.

Lorraine ta zo jiya da burodi da maganina. Na shirya jin "ai na gaya maka". Ta shiga, ta ajiye kwalbar madara a tebur, kwalbar ta kama hanya, ta cafke ta. Ta zauna. Can ta ce, "Baba, kai da taurin kai. An fara barin a fita da tsofaffin gidan shan iska. Zan roƙi gidan su ba ni Mama ranar Lahadi." Ta ce kada in sa rai da yawa. Na ce ban sa ba, sannan na kwana ina tunanin da me zan goge tagulla.

Allah ya kai mu Lahadi.

Mijinki da ke maƙale,
Wilf


Claydon, ranar Litinin

Mavis, matata,

Barka da hutawa. Yaya gajiyar jiya? An ce kin yi barci a mota tun kafin ku fita kan babban titi. Rutendo, na gode, Allah ya saka miki. Kin ga komai da idonki, amma ki karanta mata, don na san zuwa yanzu jiya ta tafi. Mavis, bari in ba ki labarin abin da kika yi.

Na share jirgi, na goge tagulla, na sa rigata mai kyau, na dafa shayi. Duk shirin da muka yi ni da Lorraine, ba wanda ya tuna cewa daga titi zuwa bakin ruwa matakala ce mai tsayi, ke kuma a keken guragu kike. Ta kira ni a waya ta ce, "Baba, muna kan gada, keken ba zai sauka ba, kuma daga nan ba a ganin ka, itatuwa sun tare." Na ce ku tsaya nan.

Na kwance igiya, na sa gora na yi ta turawa har laka ta saki gindin jirgin. Rigar mai kyau ta gama yawo. Na tada inji, na lallaɓo ta tsakiyar ruwa inda ya ɗan fi zurfi, na sha kwanar. Ga gadar bulo, ga kawuna uku a samanta. Sun ɗaga ki tsaye, Lorraine a dama, Rutendo a hagu, kin dafa bango da hannu biyu. Ni kuwa ido ya tafi sama, na manta da sandar da ke hannuna.

Sai na ji muryarki, irin wadda take tsallake ƙarar inji. "Wilf! Ina kake kallo? Za ka ci bango. Dama, dama, kai wane irin mutum ne."

Na ci bangon kuwa. Ban damu ba. Na jefa igiya a kan turke, ko ɗaurin kirki ban yi ba, na kama matakala. Gwiwar da ta ƙi ni a Napton ban ji ta ba. Kafin in iso sun zaunar da ke. Na durƙusa a gabanki ina haki, na kama hannunki, na ce ga ni.

Kika dube ni da fara'a, irin wadda kike yi wa baƙi. Kika zare hannunki a hankali don kada in ji haushi. Kika ce, "Sannu, bawan Allah. Ko ka ga mijina? Yanzu yana ƙasa. Ya tafi ya bar jirgi ba kowa, haka yake."

Lorraine ta juya baya. Rutendo ta ce, "Mama Mavis, ai shi ne wannan." Kika yi mata dariya, kika ce, "Wannan tsohon?"

Na tsaya a wurin ban san inda zan sa hannuna ba. Sannan na ce, "Bari in je in kira miki shi." Na sauka. Saukar ta fi hawan tsawo. Na hau Marigold, na tsaya a baya, na kama sandar tuƙi, na ɗaga kai. Suka sake ɗaga ki.

Kika ce, "Ina ka shiga? Dubi rigarka. Wa ya ɗaure igiyar nan, kai ko akuya?"

Mun yi hira, Mavis. Ke a sama, ni a ƙasa, ina ɗaga murya har mutanen sauran jiragen suka fito. Kin tambaya ko na ci abinci. Kin ce rufin yana son wanki, kuma na rame, kuma in sayo kwal tun kafin sanyi. Kin tambaya ina Lorraine, tana riƙe da kafaɗarki, na ce tana nan kusa, ta girma. Kin ce in matso da jirgi ki buɗe mini ƙofa. Na ce an sa sarƙa, sai an yi ruwa. Kika ce to mu jira, ai ba korar mu ake yi ba. Da ƙafafunki suka gaji aka zaunar da ke, bangon gadar ya rufe ki, na ji ana tura keken. Shayin da na dafa yana nan a buta, ni na shanye shi da yamma.

Na zauna na yi tunani. Shekara arba'in kina saman ƙofa da ƙarfe a hannu, ni ina can ƙasa a cikin ramin ƙofar, a kan jirgi, da hula. Ashe a nan kika ajiye ni. Fuskar da na kawo miki kusa ba ki da inda za ki sa ta.

Rutendo, ga roƙona, ki kai wa shugabar gidan. In akwai ɗaki a bene mai kallon ruwa, a mayar da ita can kafin a buɗe ƙofofin. Tagarta ta yanzu a ƙasa take, daidai da fuskar mutum.

Lorraine ta ce za ta sake kawo ki Lahadi mai zuwa, da wadda ke bayanta. Na ɗaure Marigold a gindin gadar, nan ma ta zauna a laka, ba inda za ta. Zan wanke rufin. Za ki same ni a tsaye a baya, da hula. Ina son in riƙe hannunki, Mavis, Allah ya sani. Amma in kin ga ban hau ba, kada ki ce ƙin ki na yi.

Ki huta lafiya.

Mijinki, na ƙasan gada,
Wilf